Masu lambun Heligan da yaƙi ya cinye

A watan Agusta na 1914, watan da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatan lambun gidan Heligan suka rubuta sunayensu da fensir a bangon makewayinsu. Gidan yana kusa da Mevagissey, wani ƙauyen masunta a yankin Cornwall, kudu maso yammacin Ingila, kuma zuriyar Tremayne ta yi ɗaruruwan shekaru tana riƙe da shi.

Mutanen nan gwanaye ne na gaske. A ƙasar da sanyi ke ƙona shuka, su kan nunar da abarba a cikin rami mai rufin gilashi, zafin kashin doki da ke ruɓewa shi ke ɗumama ta. Abarbar ta masu gida ce, su nasu albashi ne kawai. Da aka buga gangar yaƙi suka ajiye kayan aiki suka sa kaki. Hannun da ya saba haƙa don shuka ya koma haƙa ramukan fakewa, waɗanda suka miƙe daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan. A ciki soja ke kwana cikin taɓo da ɓeraye da ƙwarƙwata, idan an busa usur ya fito ya tunkari bindiga mai aman harsashi. A ranar 1 ga Yuli, 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme, Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 19,000. Mafi yawan ma'aikatan Heligan da suka tafi ba su dawo ba.

Lambun ma bai daɗe a bayansu ba. Aka mai da gidan wurin jinyar hafsoshi, daga baya maigidan, Jack Tremayne, ya koma Italiya da zama. Sarƙaƙiya ta haɗiye hanyoyi, rufin gilashi ya rufta. Sai a lokacin aka ga ko gumin su wa ke riƙe da wannan ƙawa.

A 1990 Tim Smit da John Willis, wanda jinin Tremayne ne, suka kutsa cikin kurmin da adda, kuma ana cikin share wurin aka ci karo da sunayen. Wannan ne ya ƙara musu azamar raya lambun da irin dabarun mutanen da, aka buɗe shi ga jama'a a 1992. A 2013 gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum ya sanya wannan ɗan makewayi cikin wuraren tunawa da mazan jiya.