Ƙetare Rubikon da Bushewar Bakin Alƙalami

Idan ɗan siyasar Ingila ya ɗauki matakin da ba shi da komowa, 'yan jaridarsu kan ce ya ƙetare Rubikon. Wasu tafintocinmu a Bauchi sukan mayar da wannan zuwa "bakin alƙalami ya bushe". A ganina sauyin bai zauna ba, kuma asalin maganganun biyu ne hujjata.

Rubikon ƙaramin kogi ne a arewacin Italiya, iyaka tsakanin lardin da Yuliyas Kaisar yake mulka da ƙasar Rum kanta. Dokar Rumawa ta hana kwamanda ya shigo da dakarunsa ta wannan iyaka. A watan Janairu na shekarar 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Kaisar ya haye da rundunarsa yana sane, yaƙin basasa ya ɓarke. Mutum ne ya zaɓa, ya kuma ɗauki alhakin zaɓinsa.

Tamu maganar daga zauren malamai ta fito. Hadisin Ibn Abbas, na 19 a cikin Arba'una ta Nawawi, wanda ɗaliban Islamiyya ke haddacewa, ya zo da batun ɗage alƙaluma da bushewar takardu, wato ƙaddara ta riga ta rubutu. Ba daga allon tsangaya ma'anar ta samo ƙarfinta ba. Duk wanda ya zauna kusa da alaramma ya ga yadda yake fiƙe alƙalamin kara, ya tsoma a kurtu, ya yi rubutu da tawadar gawayi da ƙaro. Gobe almajiri ya wanke allon tas, a sake sabo. Rubutun da ba ya wankuwa na Lauhul Mahfuzi ne.

Shi ya sa mai aikata abu ba kasafai yake faɗinta ba. Wanda abin ya faɗa wa ne yake furta ta: saurayin da aka ɗaura auren budurwarsa da wani, ko ɗan takarar da ya ji sakamako ana hira a bakin Kasuwar Wunti. Haka ma 1902, lokacin da Turawa suka ci Bauchi suka tuɓe Sarki Umaru. Masu tahowa da bindiga su ne suka ƙetare kogi, mutanen gari kuwa alƙalami ne ya bushe musu.

Tafinta mai neman ta kusa zai fi samun sauƙi da "ya yi shahada" ko "a yi ta ta ƙare", domin a nan akwai mai niyya, ko da yake su ma ba su ɗauke da batun karya doka da ke cikin labarin Kaisar.