Yadda na'urorin intanet ke gane cewa layi ya yanke

A ranar 14 ga watan Maris na 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, lamarin da ya kawo cikas ga bankuna da kamfanonin waya a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu.

A irin wannan hali, na'urorin da ake kira rauta, masu zaɓa wa kowane saƙo hanyar da zai bi, su ne ke fara gano matsalar kafin injiniyoyi.

Idan wayar da ke jone da rauta kai tsaye ce ta tsinke, abin da sauƙi: haske ko lantarkin da ke shigowa zai ɗauke, nan take ta rufe wannan ƙofa.

Wahalar ita ce sau da yawa akwai wasu na'urori a tsakani. Ƙofar za ta ci gaba da nuna alamar lafiya alhali can gaba hanya ta mutu, rauta kuma ta yi ta tura saƙonni suna salwanta.

Saƙon gaisuwa

Don haka ne rautoci maƙwabta ke aika wa juna ɗan gajeren saƙo a kai a kai, wanda ke nuna cewa mai aikowa na nan.

A tsarin OSPF, wanda ake amfani da shi a cikin kamfani guda, bisa al'ada ana gaisawa duk daƙiƙa 10. Idan daƙiƙa 40 suka wuce shiru, sai a ɗauka maƙwabcin ya mutu, a nemi wata hanya.

Tsarin BGP, mai haɗa kamfani da kamfani, ya fi haƙuri. A na'urorin Cisco yana gaisuwa duk daƙiƙa 60, ya kuma jira har 180. Minti uku kuwa ba ƙaramin lokaci ba ne ga wanda ke tsakiyar tura kuɗi.

A 2010 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta wallafa tsarin BFD, wanda ke iya gaisawa sau 20 a daƙiƙa guda, ya kuma yanke hukunci idan gaisuwa uku suka ɓace a jere.

Sai dai gaggawar na da nata haɗari. Rauta ba ta iya bambance shirun yankewa da shirun cunkoso, saboda haka tana iya rufe layi mai lafiya, ta buɗe, ta sake rufewa, maƙwabtanta kuma su yi ta sauya lissafi.

Kuma gano matsala da wuri na amfani ne kawai idan akwai wata hanyar. A 2024 kamfanoni da dama sun karkata zuwa wayar Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a 2022, yayin da gyaran sauran ya ɗauki makonni.