Barcin doki

Barcin doki shi ne yanayin hutun da doki ke shiga, wani a tsaye, wani a kwance. Babban doki yakan yi barcin kimanin awa 3 a cikin awa 24, kuma ba a jere yake yin sa ba, yakan rarraba shi ne ƴan mintoci kaɗan-kaɗan, akasari da dare. Duk da an san doki da barci a tsaye, akwai wani nau'in barci da ba ya samun sa sai ya kwanta.

Barci a tsaye

A ƙafafun doki akwai wani tsari na jijiyoyi da ke riƙe gaɓoɓi ba tare da tsoka ta yi aiki sosai ba. A ƙafar baya, ƙashin gwiwa yakan maƙale a kan ƙarshen ƙashin cinya, sai ƙafar ta kafe kamar an kulle ta. Shi ya sa ake ganin doki mai gyangyaɗi ya dogara da ƙafafu uku, ya ɗan ɗage ɗaya ta baya a kan bakin kofato, kansa ya sunkuya, leɓensa na ƙasa ya saki. Asalin doki dabbar fili ce da namun daji ke farauta, kuma tashi daga kwance yana ɗaukar masa lokaci, don haka barci a tsaye yana ba shi damar gudu nan take.

Barci a kwance

Nau'in barcin da ake kira REM, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka bayyana a jikin ɗan Adam a Jami'ar Chicago a shekarar 1953, shi ne lokacin da idanu ke motsi da sauri, tsokoki kuma su saki gaba ɗaya. Doki ba ya iya yin wannan barci a tsaye, domin zai faɗi. Yana buƙatar aƙalla kimanin minti 30 na irinsa a kowace rana. Ba ya daɗewa a kwance, saboda nauyin jikinsa yana danne huhu da hanji. Ɗuƙushi kuwa ya fi babban doki yawan barci, kuma a kwance yake yin mafi yawansa. A cikin garke, yawanci wani yakan tsaya yana gadi yayin da sauran suke kwance.

Dawakai a cikin birnin Kano

Kiwon doki tsohuwar al'ada ce a cikin birnin Kano. A Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, Shamaki ne a al'adance ke kula da bargar sarki. A lokacin Hawan Sallah, Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, hakimai kan shigo birni da dawakansu daga gundumomi. Hukumar UNESCO ta sanya wannan hawa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a shekarar 2024.

Yadda ake ajiye doki yana shafar barcinsa. Idan igiyar da aka ɗaure shi a turke ta yi gajarta, ko barga ta yi ƙunci, ko ƙasa ta jiƙe, ko daɓen siminti ne babu shimfiɗar yashi ko ciyawa, doki yakan ƙi kwanciya. Haka ma idan aka sauke shi a baƙon wuri mai hayaniya. Yana iya jure ƴan kwanaki a haka, amma idan abin ya daɗe, barci yakan kwashe shi a tsaye, ƙafafun gaba su lanƙwashe, ya durƙushe. Ciwo ko tabo a gaban gwiwa da wuyan ƙafa na daga cikin alamomin da likitocin dabbobi ke dubawa. Kwanciya cikin natsuwa ba alamar cuta ba ce. Abin da ke nuna ciwon ciki shi ne yawan kwanciya da tashi, birgima, gumi da waiwayen ciki.

Sauran dabbobi

Jaki yana da tsarin ƙafa irin na doki, shi ma yakan yi gyangyaɗi a tsaye. Saniya takan shafe awoyi da yawa a kwance tana tuƙa, amma ainihin barcinta kusan awa 4 ne. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2017 kan giwayen daji biyu a ƙasar Botswana ya nuna cewa kimanin awa 2 kawai suke barci a rana. Kyanwa takan yi awa 12 zuwa 16, wasu jinsunan jemage kuma har kusan awa 20. Dolfin, wata dabbar teku mai shayarwa, rabin ƙwaƙwalwarta ne ke barci a lokaci guda, ɗaya rabin yana farke domin ta riƙa tasowa tana shaƙar iska. Gaba ɗaya, manyan dabbobi masu cin ciyawa sun fi ƙarancin barci, domin suna shafe yawancin lokacinsu wajen kiwo.