Majiya da Tafkin Kalmalo: Ruwan da Ya Shiga Tsakanin Ƙonni da Illela

Wanda ya tsaya a Amarawa da hantsin Lahadi, ranar kasuwar Illela, zai ga 'yan kabu-kabu suna kwararowa daga wajen Birnin Ƙonni, wani da buhun albasa, wani da akuya ɗaure a bayan babur tana ta kuka. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, sai dai wannan ya ƙirga cinikinsa da naira, wancan da sefa. Ƙasashen bakin teku kan yi jayayya a kan kifi da rijiyoyin mai. A nan babu teku, abin da muka haɗa da maƙwabtanmu shi ne wani gulbi da ba ya gudu sai da damina, wato Majiya. Ƙanƙantarsa kuwa ba ta hana shi haddasa ƙorafi na shekaru ba.

Majiya tana tasowa ne daga duwatsun Adar a jihar Tawa, ta gangaro kudu maso yamma, ta ratsa ƙasar Ƙonni, ta tsallako Najeriya ta zube a tafkin Kalmalo, kusa da Illela. Haka take tun kafin a san wani abu wai shi iyaka.

Ita kanta iyakar, ruwa ne ya sa aka ajiye ta inda take. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, abin da ya bar Ƙonni a ɓangaren Ingila. Hakan bai hana ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ƙona garin da kashe mutanensa a 1899 ba. Daga baya Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram fako ce, babu rijiyoyi. Suka nemi gyara, aka sake zane a 1904 da 1906, aka kakkafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ƙonni ta koma hannun Faransa, Kalmalo ta zauna a na Ingila. Kan gulbin yana wata ƙasa, wutsiyarsa tana wata.

An daɗe babu wanda ya damu. Tafkin yana cika, masunta suna kamun kifi, masu lambu suna noman rani, makiyaya suna shayar da shanu. Farin shekarun 1970 ne ya sauya lissafi. Nijar, wadda yunwa ta yi wa mummunan ta'adi, ta ƙudura ba za ta ƙara barin ruwan damina ya wuce ta haka kawai ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 ta shimfiɗa babbar gonar ban-ruwa ta Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2,400, wadda madatsun Mozage da Zongo da ke kan Majiya suke ciyarwa. Manomin Ƙonni ya samu alkama da albasa a rani. Na Kalmalo kuwa ya ga tafkinsa yana janyewa, har wata shekarar ya bushe ƙurmus. Gaskiya ba madatsun kaɗai ke da laifi ba, ƙarancin ruwan sama da cikewar tafkin da yashi sun taimaka. Amma je ka gaya wa wanda lambunsa ya ƙone haka, zai nuna maka arewa da yatsa.

Kafin mu cika baki, sai mu tuna da Jibiya. A can Najeriya ce a sama. Madatsar da aka gina a kan kogin Gada a jihar Katsina ta rage ruwan da ke zuwa Gulbin Maraɗi, kukan da manomin Madarunfa yake yi da mu bai bambanta da wanda na Kalmalo yake yi da Ƙonni ba.

Wurin zama a sasanta yana nan tun 1971, lokacin da ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yuli, 1990, wadda ta ambaci ruwaye huɗu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai kuma ƙasan Komadugu Yobe. Ta ce a raba ruwa bisa adalci, a riƙa musayar bayanai, kuma kada wata ƙasa ta yi aikin da zai shafi ruwan ba tare da ta sanar da 'yar'uwarta ba. Takarda ce mai kyau. Matsalarta ita ce rabo yana bukatar awo, awo kuma yana bukatar ma'aikata da kuɗi da yarda, ukun nan kuwa ba su cika haɗuwa a lokaci guda ba.

Yardar ce ta fi saurin karyewa. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufewa a Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi a Illela har albasa ta ruɓe a cikinsu. An buɗe a Maris na 2024, amma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Gwamnatocin da ke zargin juna da zagon ƙasa, yaushe za su zauna su tattauna ranar da za a buɗe bakin madatsa?

Sai dai yarjejeniyar Maiduguri ba ta ECOWAS ba ce, ta Abuja da Yamai ce su biyu, ficewar Nijar ba ta shafe ta ba. Muna kira ga gwamnatin Sakkwato da ta Tawa, da sarakunan Illela da na Ƙonni waɗanda ba su taɓa daina gaisawa ba, su matsa a zauna a kan batun Majiya, kuma a wannan karon a ba manoman Kalmalo kujera a wurin zaman.