Wa ke da alhakin kula da wuraren shaƙatawa na jama'a a Najeriya?

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ginawa da kula da wuraren shaƙatawa, lambuna da filayen da aka keɓe domin jama'a. Wannan tanadi yana cikin Jadawali na Huɗu, a sakin layi ɗaya da tituna, fitilun kan hanya da magudanan ruwa. Jadawalin ya kuma ba su kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, ban-ɗakunan jama'a da kwashe shara. Ke nan a rubuce, kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, ciki har da shida na Babban Birnin Tarayya, tana da haƙƙin lambun unguwa a wuyanta.

Sai dai a aikace, fitattun wuraren shaƙatawa na birane ba sa hannun ƙananan hukumomi. A Legas, gwamnatin jiha ta kafa hukumar LASPARK a 2011, kuma ita ke kula da wurare irin su lambun Muri Okunola da ke Victoria Island da na Ndubuisi Kanu da ke Alausa. Lambun Agodi na Ibadan mallakar Jihar Oyo ne, haka nan Pleasure Park na Fatakwal da gwamnatin Ribas ta buɗe a 2017. A Abuja, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ƙaddamar da Millennium Park a watan Disamba na 2003, sashen wuraren shaƙatawa yana ƙarƙashin Hukumar Gudanarwa ta Babban Birnin Tarayya ne. Gandun daji na ƙasa irin su Gashaka Gumti da Okomu kuwa wani babi ne daban, na Gwamnatin Tarayya.

Dalili na farko na wannan giɓi shi ne mallakar fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen cikin birni a ƙarƙashin ikon gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma na karkara. Lambun shaƙatawa kuwa galibi abin birni ne. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma yana iya share fili, ya dasa itatuwa, ya kewaye shi da shinge, amma ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba idan aka yanke shawarar yanka filin a gina shaguna. Ta wannan ƙofa ce filayen wasa da dama da aka zana a taswirar unguwanni suka koma rukunin kantuna ko gidajen mai. Sashe na 7 na Kundin ma ya bar wa jiha ikon yin dokar da za ta tsara fasali da kuɗaɗe da ayyukan ƙananan hukumominta, abin da jihohi suka yi amfani da shi wajen kafa hukumomin da ke yin aikin da jadawalin ya ambata.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na rabon Asusun Tarayya, amma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda Sashe na 162 ya tanada. Abin da ya iso, albashi ne ke fara cinye shi, musamman na malaman firamare. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar, inda ta ce a riƙa biyan zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da ja-in-ja.

Ko da kuɗin ya iso hannu, akwai halin kasafi da ba ya yi wa lambu adalci. Gina shi aiki ne na lokaci guda, ana yanka kirtani, a ɗauki hoto. Riƙe shi kuwa hidima ce ta kowace safiya: ban ruwa tun daga shigowar rani har faɗuwar damina, gyaran famfon rijiyar burtsatse, sassabe ciyawa, datse rassan da suka bushe kafin iskar farkon damina ta kayar da su a kan mutane, albashin maigadi da masu shara, fitila, da ruwan ban-ɗaki. Lilon yara da aka bari ya yi tsatsa haɗari ne. Magudanar da ta toshe tana mai da lambu matattarar sauro, wurin da ba fitila kuma yakan zama mafakar ɓata-gari. Tashar mota da kasuwa suna kawo kuɗin shiga kullum, lambu kuwa ci yake yi, don haka ba a mamakin wanda ake fara mantawa da shi.

Wannan ne ya sa hukumomi da dama ke bayar da hayar wuraren ga 'yan kasuwa ko kamfanoni. Tsarin yana iya raya wuri idan yarjejeniyar ta fayyace iyakar ginin da za a yi, da kuɗin shiga, da lokutan buɗewa. Idan ba a sa ido ba, sai lambun ya rikiɗe ya zama mashaya ko zauren biki, a shafe ciyawar da siminti, talakan da aka yi wurin dominsa ya tsaya a bakin ƙofa. Hukumomin Abuja sun sha kokawa kan irin wannan sauya manufa.

Mazauna unguwar da lambunsu ya lalace ko aka fara gini a cikinsa suna bukatar su fara tantance mai wurin. Idan na ƙaramar hukuma ne, ana kai koke a rubuce ga kansilan mazaɓa da sashen ayyuka ko na tsaftar muhalli, zai fi kyau kafin a kammala kasafin shekara. Idan batun yanka fili ne, ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane ta jiha ake tunkara, domin a can taswirar unguwar take, kuma ita ce shaidar cewa tun asali an ware filin ne domin jama'a.