Asalin Kalmar Vacancy

Duk wanda ya duba shafin neman ma'aikata a jaridun Ingila zai tarar da kalmar vacancy, watau gurbin aikin da ba mai riƙe da shi. Ita ce kuma ake rubutawa a ƙofar masauki in da ɗakin da ba baƙo ciki. In masauki ya cika sai a rataya allo mai cewa no vacancies, matafiyi ya yi gaba.

Tushenta Latin ne, harshen Rumawa, daga vacare, watau zama wofi. Ɗiyarta vacant ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Ku lura, ba daidai take da empty ba. Ɗakin da aka ce empty ba kome cikinsa. Wanda aka ce vacant yana da gado da kujera, mai shi kaɗai ake jira. Gurbi ke nan a Hausa, wanda ake mayewa.

Gurbi kuwa ya sha jawo rigima a can. Al'adarsu ta dā, in babban limamin Kirista ya mutu, sarki ke cin amfanin gonakinsa har a naɗa wani. To, da na Kantabari ya mutu a 1089, sai Sarki Wiliyam na Biyu ya ƙi naɗa kowa, ya yi ta kwasar kuɗin wajen shekara huɗu. Sai da ciwo ya kwantar da shi a 1093, tsoron mutuwa ya kama shi, sa'an nan ya naɗa Anselm.

Wadda ta fi wannan ita ce ta 1689. Sarki Jemis na Biyu ya gudu Faransa, sai majalisar wakilan jama'a ta ce gadon sarauta ya zama vacant. Majalisar sarakai ta ce faufau, gadon da ake gāda ba ya zama wofi, don sarki na kaucewa magajinsa ya hau. Gardamar ba ta nahawu ba ce kurum: in an yarda akwai gurbi, an yarda majalisa ce za ta zaɓi mai maye shi. Aka yi kwanaki ana ja, kāna sarakai suka sakko, aka ba 'yarsa Meri da mijinta Wiliyam na Holanda sarauta tare.