Amfanin Karanta wa Yara Littafi: Kurame da Masu Ji

Gabatarwa

Karanta wa yaro littafi a bayyane na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na gina harshensa tun kafin ya shiga makaranta. Iyaye da yawa kan ɗauka cewa yaron da ba ya ji ba shi da rabo a wannan zama. Hakan kuskure ne, domin abin da kunne ya kasa ɗauka, ido da hannu suna iya isar da shi.

Girman Lamarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke fama da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurmancin yara ana iya hana aukuwarsa. A ƙasar Hausa, sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya na cikin abubuwan da ke haddasa shi. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne, saboda haka yaro kan yi shekarunsa na farko ba tare da cikakken harshe ba, na baki ko na hannu. Wannan rashi ne ke wahalar da shi a makaranta fiye da kurmancin kansa.

Amfani ga Yaro Kurma

Littafi mai hotuna yana haɗa wa yaro abubuwa 3 a lokaci guda: hoto, da alamar hannu, da rubutacciyar kalma. Kallon leɓe kaɗai ba ya wadatarwa. Alal misali, "kafa" da "ƙafa" kamanninsu ɗaya a bakin mai magana, amma a rubuce bambancinsu a fili yake. Har ila yau, tatsuniyar da ake yi da dare cikin duhu takan wuce kurma gaba ɗaya. Littafi a wuri mai haske kuwa yana ba shi damar sanin Gizo da Ƙoƙi kamar sauran 'yan'uwansa.

Amfani ga Yaro Mai Ji

Shi ma mai ji yana ƙaruwa da sababbin kalmomi da natsuwa wajen sauraro. Bugu da ƙari, yakan koyi maganar hannu tun yana ƙarami, har ya zama abokin hirar ɗan'uwansa.

Yadda Ake Gudanar da Karatun

A shekarar 1997, David Schleper na Jami'ar Gallaudet da ke Amurka ya wallafa ƙa'idoji 15 da ya tsamo daga yadda manyan kurame ke karanta wa yara. Ga wasu matakai da suka dace da gidajenmu:

1. A zauna inda yaro zai ga fuska da hannu da littafi tare.
2. A bar shi ya gama kallon hoto kafin a ci gaba, domin ido ba ya kallon wuri 2 a lokaci guda.
3. A taɓa kafaɗarsa a hankali idan ana son ya juyo.
4. A nuna halin 'yan cikin labari da fuska da jiki.
5. A maimaita littafi ɗaya sau da yawa.

Inda Za a Nemi Taimako

Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, wato maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi bayaninsa a wani littafi a shekarar 2000. Makarantu na musamman, irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977, suna da malaman da suka san aikin. Ana kira ga iyaye da su kai yaro asibiti da zarar sun lura ba ya waiwayen kira, su kusanci manyan kurame don koyon alamomi, sannan su ware ɗan lokaci kullum domin karatu tare da dukkan 'ya'yansu.